Abin da Ke Ƙarƙashin Jallabiyata

Ko zan manta komai a rayuwata, ban da ranar da na ci shinkafa da wake a Kasuwar Kifi ta Baga Road a Maiduguri. Na san za ku ce wake kuma? To, saura ƙiris waken nan ya kai ni kabari da rana tsaka.

A lokacin ina aiki a rumfar wani dattijo Babarbare, muna ware banda muna shirya ta a kwali, a ɗaure a loda wa motocin kudu. Mu shida ne a ƙarƙashinsa, kowa Baba yake ce masa. Dokarsa ɗaya ce: in azahar ta kusa, a ajiye kifi, a wanke hannu, a ci abinci a tire guda. Wanda bai sa hannu ba, a wurin Baba, ko dai fushi yake ko yana da wata a ƙasa.

Sai ciwon hanji ya kayar da ni. Aka kai ni asibiti a wani gari, aka yi mini tiyata, aka buɗe 'yar ƙofa a gefen cikina aka manna jakar roba. Ta nan bayan gida ke fita yanzu, ba sallama ba neman izini. Likita ta ce in riƙa ci kaɗan-kaɗan, in tauna sosai, in yi hankali da wake da ɗanyar albasa da lemon kwalba, don suna cika jakar da iska. Ta kuma ce in gaya wa abokan aikina. Wannan ta ƙarshen a asibitin na bar mata ita. Ni mutum ne mai girman kan tsiya, na ce ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Na hana matata faɗa wa kowa, kuma da na koma aiki bayan wata biyu da rabi, na ce musu tafiya na yi.

Na ɗinka ƙatuwar jallabiya. Kullum kafin in bar gida a unguwar Wulari sai in zubar da abin da ke jakar, ta kwanta shafal, masu bincike a bakin ƙofar kasuwa kuwa sun san ni shekara da shekaru, hannu kawai suke ɗaga mini. Daga nan ba abin da zai shiga bakina sai na koma gida. In an kawo tire, in ce na ƙoshi, in lallaɓa bayan kwalaye in zauna jiri na ɗibata. Abin haushi, hanjin da babu komai cikinsa ya fi surutu, sai in dafe wurin da hannu.

Abin da ban lissafa ba shi ne garin da nake ciki. Shekarun nan ne da Maiduguri ba ta gama warkewa daga hare-haren bam ba, duk wanda ka taɓa yana da wanda ya rasa a kasuwa ko a masallaci. Ku duba mutumin da ya ɓace, ya dawo a rame, ya daina hira, ya daina cin abinci da mutane, ya sa riga mai faɗi, kullum hannunsa a ciki. Ni ban gani ba. Na dai lura in na iso ana hira sai a yi shiru, a sahun salla kuma ana barin 'yar tazara a gefena. Na ɗauka wari nake yi, sai na ƙara janye jikina.

Rannan ana ajiye tire Baba ya ɗaga murya, ya kira ni da Barbarci ya maimaita da Hausa. "Are, zo nan. Yau sai ka ci."

"Baba, wallahi na ƙoshi."

"Ƙoshin me? Dubi wuyanka kamar na kazar da ta yi jinya. Ɗana, wanda ba ya ci da mu, ba ya tare da mu. Zauna."

Sauran biyar ɗin ni suke kallo, babu mai murmushi. Shinkafa da wake ce, an barbaɗa albasa da yaji. Na yi niyyar loma biyu, amma yunwar makonni ta ci ƙarfina, na yi ta zurawa ba tauna, har na kora da lemon da wani ya miƙo mini.

Kafin la'asar jakar ta kumbura tam, ta turo jallabiyar gaba. Tsoro ya kama ni kada ta ɓalle a cikin mutane. Na miƙe, na tallabe ta da hannu biyu, na nufi bayi a ƙarshen layi a hankali, gumi na zuba, bakina na motsi ina roƙon Allah Ya rufa mini asiri.

Ban yi taku ashirin ba na ji kasuwa ta ɗauke wuta. Wanda ya san wurin nan ya san ba ya shiru, ga masu ciniki, ga masu baro, ga 'yan lodi. Amma ranar sai wata rediyo kaɗai ke magana a rumfar da babu kowa. Na ga silifa wari guda a tsakiyar hanya. Na ga kwandon tarwaɗa a kife, ƙuda na bi. Gaba kaɗan kaskon ƙosai ya tuntsure, itace na ci shi kaɗai. Tsikar jikina ta tashi, na waiwaya in ga abin da ake gudu, don ni ma in gudu. Babu komai a bayana sai inuwata.

Can nesa na hango kawuna suna leƙe ta bayan motoci. Na ƙara sauri wajensu, sai suka ƙara ja da baya. A nan ne na gane ni ake gudu.

"Tsaya nan! Ɗaga hannunka!" Masu binciken bakin ƙofa ne, da gorori, ɗaya da bindiga, ya saita ni. Mutumin da kullum muke gaisawa. Zan faɗa muku gaskiya ko da za ku raina ni: ban ɗaga ba. Ina kallon bakin bindiga, amma abin da ke raina shi ne kada in saki jakar ta zube a gaban jama'a.

Sai na ji jan takalmi a bayana, sannu-sannu. Baba ne, shi kaɗai. Ya ce da su, "Kada wanda ya taɓa shi." Ya zo har inda zan iya jin numfashinsa.

"Ɗana, mene ne a cikin rigar nan? In mutuwa ce, ga ni, na tsufa, mu tafi tare ka bar mutane."

"Baba, ciwo ne."

"To, nuna mini ciwon."

Na ɗaga jallabiyar ina kuka kamar ba magidanci ba. Ya daɗe yana kallo, ya yi salati, sannan ya cire babbar rigarsa ya kare ni da ita, ya juya ya yi kira, "Mara lafiya ne! Ku dawo!" Ya sassauta murya ya ce, "Kai wawa ne wallahi. Don wannan ka bar mu muna zarginka wata guda?"

Ban ga laifin kowa ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Sai washegari na ji cewa mai ƙosan nan, wata bazawara mai 'ya'ya huɗu, garin gudu tafasasshen mai ya kwarare mata a ƙafa. Na je gaishe ta, na rasa ta inda zan fara. Ta dube ni daga kwance ta ce, "Malam, da ka faɗa tun farko, ai da kunu nake dama maka kullum."

Yanzu sau huɗu nake ci a wurin aiki, kaɗan-kaɗan, a gaban kowa, duk sabon da aka ɗauka kuma da bakina nake gaya masa abin da nake ɗauke da shi. Ita kuwa har yau tana ɗingishi. Na ɗauka ciwona nawa ne ni kaɗai, in ga dama in ɓoye. Ashe in kana zaune cikin mutane, abin da ka ƙi faɗa musu da kansu za su cike gurbinsa, kuma da abin da suka fi tsoro za su cike shi.