Moto Mai Caji Ya Kunyata Ni a Hanyar Kossodo

Jama'ar Zongo, yau na ga wulaƙanci da idona!

Ni ne wakilin ango a ɗaurin auren ɗan ƙanena a Kossodo. Jikana Sani, sarkin faransanci, ya ce zai kai ni a sabon motonsa, wato babur mai caji. Wai batir cike yake. Na hau, na rungumi huhun goro.

Muna hawa gudron, wato titin kwalta, ya murɗe hannu kamar ɓarawo! Na ce, "Kai ɗan banza, sassauta!" Ya ce, "Tsoho, riƙe hularka."

Da muka bar gudron, ga iska tana tokare mu, ga jar hanya duk ramuka. Can sai moto ya yi tsit! Sani ya ce, "Gudu ne ya shanye batir, da kuma nauyi." Nauyin wa? Wai nawa!

Na ce a sayo mai a kwalba. Ashe ba a sayar da lantarki a kwalba!

Muka tura, ina haɗa gumi. Muna isa ana shafa fatiha. Kun san wa ya karɓi auren a madadina? Malam Idi, mutumin da ko gaisawa ba ma yi! Ya dube ni ya ce, "Sannu, mai kawo goro."

Sani, kar ka sake taka ƙofata.