Gatan da Aka Yi wa Maharazu Mai Ƙanƙara

Maharazu Hambali ya zo Landan da kuɗin gwamnatin jiharmu, a shekarun da man fetur ya fara ɗaga mana kafaɗa. A takarda, karatun sinadarai aka turo shi. Mutanen gida kuwa sun ɗauka aikin mai ya zo koyo, don a lokacin duk yaron da ya hau jirgi, mai ya tafi koyowa. Shi bai ce e ba, bai ce a'a ba. Dogo ne, marar yawan magana, yana tafiya kamar mai gudun tada wani daga barci.

A unguwar Catford yake zaune da matarsa Saudatu, a wani flat da ke saman shagon mai gyaran takalma. Ni ma a layin nake, shi ya sa na san ɗan abin da na sani.

Aikinsa ƙanƙara. A can ƙarshen duniya ta arewa akwai inda dusar ƙanƙara ba ta narkewa. Ta bana ta kwanta a kan ta bara, ta bara a kan wadda ta gabace ta, haka har ƙasa. Turawa kan haƙa, su zaro ta doguwa kamar taɓarya, su kawo jami'a. Maharazu ya yanka, ya narkar, ya auna farar wutar da ke ciki. Farar wutar nan dai da iyayenmu ke daka wa mai ƙazuwa. Ya ce mini tun kafin ɗan Adam ya gina masana'anta, teku da duwatsu masu aman wuta suna tura ta sama, dusa ta sauko da ita ta ajiye. Shekarar da wani dutse ya yi babban amai, sai ka tarar da ita ta taru a gaɓar wannan shekara.

Saudatu takan ce mini, "Baba, mazan mutane suna tono mai, nawa yana tonon maganin ƙazuwa."

Takan faɗa tana dariya, tana ɗinke masa safar hannu.

Akwai gaɓa guda da ya ƙwallafa rai a kanta. Wani dutse ne ya yi amai a tsibiran gabas mai nisa, a shekarun da Sakkwato take sabon gari, kuma Maharazu ya haƙiƙance alamarsa tana cikin wani yanki da ke naɗe a ɗakin sanyi na jami'arsu. Daga sama yake bin ƙanƙarar yana gangarawa, kuma yana bukatar shekara guda kafin ya kai wurin. Sai dai tallafin karatunsa zai ƙare da bazarar nan. Ita kuwa ƙanƙara sau ɗaya ake narkar da ita. In ba ya nan, malaminsa zai miƙa wa wani.

Wanda ƙarin shekarar ke hannunsa shi ne Alhaji Nata'ala, shugaban hukumar tallafin karatu ta jiha. Kowace bazara yakan zo duba ɗalibai. Dubawar takan ci yammaci guda, sauran kwanakin kuma ya duba kantuna.

Bazarar 1976 ta zo da zafin da Turawa suka ce ba su taɓa gani ba. Ciyawa ta bushe, ana ƙirga ruwan wanka. Alhaji ya sauka da manyan riguna masu aiki, ya iske ɗakin otal ɗinsa kamar tanda.

"Ƙasar da ta mulke mu," in ji shi, "ko fanka babu!"

Saudatu ta ba mijinta shawara. Ta ce ya je gaisuwa da turare, ya bi Alhaji kantuna yana riƙe masa kaya, a hanya ya sako maganar. Haka sauran ɗalibai ke yi, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi asara ba. Maharazu ya ce a'a, aikin zai nuna masa. In mutum ya gani da idonsa, ai zai gane.

Ni aka roƙa na rako Alhaji jami'ar a mota, tunda ya ce ba zai shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, shi ba gafiya ba ne.

A bakin ɗakin sanyi Maharazu ya miƙo masa kwat mai kauri. Alhaji ya ture. Aka buɗe ƙofa, ya shiga, ya tsaya. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya lumshe ido, ya buɗe hannuwan rigarsa don sanyin ya shiga ko'ina.

Maharazu ya zaro yankin ƙanƙarar, ya ɗaga shi a gaban fitila da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, wannan dusar ta sauka ne tun kakannin kakanninmu. A cikinta..."

"Madalla. Yaro, in aka rataye sa guda a nan, kwana nawa zai yi?"

"Sa, ranka ya daɗe? Ai ko shekara zai yi."

"Shekara! In aka ɗauke wuta fa?"

Nan ne Maharazu ya samu bakin magana. Shekaru biyu kafin nan, lokacin da tsadar mai da yajin aiki suka sa ana ɗauke wuta a Landan, shi ya yi jinyar ɗakin nan don kada ƙanƙararsa ta narke. Ya san bangon, ya san ƙofar, ya san injin da irin tarinsa. Ya yi bayani dalla-dalla, Alhaji yana gyaɗa kai yana ƙara tambaya. Ban taɓa jin yaron ya yi magana mai tsawon wannan ba. Ƙanƙarar tana hannunsa duk tsawon lokacin, ba wanda ya sake kallon ta.

Da muka fito ya raɗa mini, "Baba, ka ga yadda ya saurara?"

Na ce na gani.

Ranar Lahadi Alhaji da kansa ya hau benen Catford cin tuwo. Wannan girma ne da ba a taɓa yi wa ɗalibi ba, don haka duk 'yan jiharmu suka cika flat ɗin har kan matakala. Bayan an wanke hannu, ya yi gyaran murya. Ya ce jiha za ta kafa ɗakin sanyi a kowace ƙaramar hukuma, nama da kifi su daina lalacewa. Ya ce ya zagaya Ingila yana neman wanda ya san aikin, ashe ɗanmu ne, an bar shi a cikin sanyi yana wasa da ƙanƙara. Daga yau Maharazu ne jami'in sayen ɗakunan, da ofis kusa da Charing Cross, da mota.

Ɗaki ya ɗauki kabbara. Wata ta rangaɗa guɗa daga kicin, mai takalma ya buga silin daga ƙasa.

Maharazu ya ce, "Ranka ya daɗe, saura shekara ɗaya ne kawai in..."

"Ɗana, ƙanƙarar da ta jira tun kakannin kakanninmu, kai ne ba za ta jira ba? A gama kafa ɗakunan, ka koma. Ni na ce."

Aka yi dariya. Saudatu tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, ita kaɗai ba ta yi ba. Babba ya yi maka kyauta a gaban jama'a, da tuwon gidanka a cikinsa, ban san ta inda ake mayar masa ba. Maharazu ya durƙusa ya yi godiya.

Ya sayi ɗakunan, masu kyau kuwa, don ba ya aikin wasa. Suka daɗe a kan teku a bakin Legas, cikin jerin jirage masu jiran sauke kaya. Waɗanda suka isa gida aka kafa su a garuruwan da wutar lantarki ba ta kai ba. Na ji an ce na garinsu yana da amfani, shugaban ƙaramar hukuma yana kwantar da awakinsa a ciki da rana, saboda kaurin bangon.

A ofis kuwa waya ba ta hutawa. Hajiya wance tana son firiza irin ta Hajiya wance, amma wadda ta fi ta girma. Maharazu ya zaɓa, ya yi booking ɗin jirgi, ya raka kaya. Ya yi suna. Har yau akwai gidaje a jiharmu da ba a sayen firji sai an ji ta bakinsa.

Yankin ƙanƙarar, wata ɗaliba aka bai wa. Ta narkar, ta auna, ta sami farar wutar a inda ya ce. Shi ya ba ni labari a tashar bas, ya ce yarinyar tana da hannu mai tsabta, ya ji daɗi.

Alhaji ya ci gaba da zuwa kowace bazara. In zai gabatar da shi ga baƙi yakan dafa kafaɗarsa ya ce, "Ga yaron da na ceto daga sanyi." Maharazu ya sunkuyar da kai.

Sun koma unguwar Barking daga baya, gida mai lambu, 'ya'yansu suna jin Hausa suna amsawa da Turanci. Wata Sallah na kai ziyara, na tarar da safar hannun nan a rataye bayan ƙofa, da ɗinkin Saudatu a jiki. Na tambaye shi maganar komawa jami'a.

"An ce in jira a gama ɗakunan, Baba."

"Saura me?"

"Saura wuta kawai."