Yadda Muka Kai Karafan Yanbu da Katifa a Ka

Alhamis, unguwar Ranuna a Madina

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba Kawu Ilu ya buga min ƙofa, sanyin Madina kuwa yana shiga har ƙashi. Kawu Ilu direba ne a wajen aikinmu, mutumin Maraɗi, ya shekara goma sha wani abu a ƙasar nan. Ku 'yan majalisarmu ta gida da kuke ta cewa ba na ba ku labari, to ga shi, ku gyara zama.

Inda nake aiki yanzu muna ba da hayar karafan, wato ɗan ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, mutane su je daji ko bakin teku su kwana biyu. Larabawa suna ce wa wannan fita kashta. Aikina shi ne firij da fitilu. Firij ɗin kamar akwati yake, a waje ake jawo shi daga gefen karafan, ga kuma igiyoyin ƙananan ƙwayaye masu ruwan zuma da ake zagaya rumfa da su. Duk batir ɗaya suke sha, shi kuma batir ɗin ba daga mota yake cin wuta ba, daga farantin sola ne da ke kwance a kan rufi.

Kun san halina. Aji biyu na sakandare na ajiye, na yi acaba, na yi gyaran waya, nan ma wannan ne kafilina na uku, wato ubangidan da iƙamata, takardar izinin zama, take hannunsa. Sunansa Abu Fahad. Ranar Laraba ya kira ni ya ce: "Ya Bashari, iƙamarka saura wata ɗaya. Gobe ka kai karafan Yanbu, wani zai yi wa 'yarsa walimar sauka a bakin teku. Firij ya yi sanyi, fitilu su kama da magariba. In ya bugo min da yabo, na sabunta maka. In ya bugo da ƙorafi, kalas, shi ke nan, ka nemi wani." Na ce masa ya ɗauka an gama.

Kuskurena ɗaya, na faɗa a masallacin unguwa cewa za ni Yanbu, kuma mun kwana da karafan a ƙofar gida don mu yi sammako. Kafin isha'i saƙo ya fara zuwa. Inna Hajjo, ƙanwar mahaifiyata da nake zaune a gidanta, ta kawo gora goma sha biyu na kunun aya, ko hucewa bai gama yi ba, ta ce na ɗanta Sale ne da abokan aikinsa. Wata ta kawo fura, wani ya kawo yaji da daddawa na ƙaninsa a Badar. Na ce: "Inna, firij ɗin nan fa na mai haya ne."

Ta ce: "To shi mai hayar yana ciki ne yanzu? Buɗe min, ɗan nan."

Na buɗe.

Da asubar kuma sai ga katifa, sabuwa fil, ita ma ta Yaya Sale. Ba ta shiga bayan mota ba, ƙofar karafan kuma ta yi mata kaɗan. Kawu Ilu ya ɗaga kai sama ya ce: "Kai, ga rufi nan fayau ba kowa. A garinmu motar da ta tashi da kai babu kaya ai asara ta yi." Ya hau, na miƙa masa, ni da hannuna na ja igiyar na ƙulle. Muka yi sallah, ƙarfe shida da minti biyar muka ɗau hanya.

Hanyar Badar, kilomita ɗari da hamsin

In kana jan karafan ba a gudu. Tamanin Kawu Ilu ya tsaya a kai, manyan motoci suna wuce mu suna hon. Da gari ya waye duwatsun nan baƙaƙe suka fito, rana tana bugunsu ta gefe, wallahi abin sha'awa. Ƙarfe bakwai da kwata muka tsaya a wani gidan mai, muka ci tamis da ful, burodi ne mai faɗi da wake dakakke, riyal tara mu biyu, shayi riyal bibbiyu.

Gaba kaɗan akwai shingen bincike. Jami'in ya karɓi iƙama ya duba, ya zagaya ya kalli karafan, ya kalli sama.

"Wannan fa?"

Kawu Ilu ya ce: "Amana ce, ya shaikh."

Ya ja igiyar ya ji ta ɗaure tam, ya yi murmushi ya ce mu tafi. Kawu Ilu ya yi ta cika baki har kusan kilomita goma, wai ɗaurinsa ko hukuma ta shaida.

Badar

Tara saura minti goma muka shiga. Malam Habu mai yaji da daddawa yana aiki a wata gonar dabino. Na so mu miƙa masa ta taga mu wuce, ya riƙe ƙofar mota.

"Ku zo daga Madina ku koma ko ruwa ba ku sha ba? Me zan ce wa yayana?"

Ruwan nan shi ne ya zama gahawa da dabino, ya zama shinkafa da kaza. Sai sha ɗaya muka samu kanmu. Kafin mu tashi na leƙa firij, na ga lambar awon sanyi tana nuna tara, alhali uku ya kamata. Na ce a raina kunun Inna ne ya shiga da ɗumi, zai sauka. Na rufe na shiga mota ina sakace.

Yanbu, kilomita casa'in daga Badar

Tun daga nesa za ka hango dogayen bututun matatun mai, iska kuma ta canja, ta zama mai gishiri-gishiri. Sha biyu da rabi muka iso. Muka yi azahar, muka bi gida uku muna raba saƙo da karafan a bayanmu, yara suna leƙowa. Na buga wa Yaya Sale waya, ya ce yana aiki sai uku da rabi, mu ajiye masa kunu da katifa a inda suke, zai same mu a bakin teku.

Biyu da rabi muka kafa a wurin da mai haya ya turo mana a waya. Yashi fari, ruwa shuɗi, ba hayaniya. Na buɗe rumfa, na kafa turaku, na fara zagaya fitilu. A nan fa ba na wasa. Igiya huɗu na yi, biyu a bakin rumfa, ɗaya na naɗe ta a jikin turaku, ɗaya na ja ta har inda za a shimfiɗa darduma. Kawu Ilu yana kwance a inuwa yana cewa: "Ɗan Kano, kamar ɗakin amarya."

Bayan la'asar, ƙarfe huɗu daidai, na danna makunni don gwaji. Suka yi ƙyal, suka mutu. Na sake dannawa, shiru. Sai firij ya fara ƙara, ɗit, ɗit, ɗit. Na duba allon batir, ja zur. Na taɓa kunu, ko sanyin randa bai kai ba.

Na bi waya, na duba fis, komai lafiya. Na ja da baya ina tunani, na ɗaga kai. Katifa tana nan shimfiɗe a kan farantin sola, ta rufe shi ruf, ko kusurwa ba ta bari ba. Tun daren jiya firij yake kokawa da kunu mai ɗumi, yau kuma tun fitowar rana batir bai ga haske ba.

"Kawu! Mun rufe sola!"

Ya tashi zaune ya ce: "Wannan baƙin gilashin? Ni na ɗauka taga ce ta sama."

Laifin ba nasa ba ne, don shi bai sani ba, ni kuwa aikina ne. Muka sauke ta a guje. Amma rana ta riga ta karkata, magariba saura awa biyu ba kaɗan, abin da zai shiga ba zai riƙe firij da fitilu ba.

Muna cikin haka sai ga mota fara ta tsaya. Mutum ya fito da farar riga da jan rawani, baƙi ne dogo, ya yi sallama ya ce shi ne Abu Rayyan mai haya. Ya buɗe bayan mota, ga nama a leda, ga kek babba, ga lemuka. Ya ce da Larabci a sa masa a firij, iyali suna tafe da magariba.

Kawu Ilu ya matso kusa da ni ya ce da Hausa, ko rage murya bai yi ba: "Kar ka ce masa komai. Karɓi naman ka tura ciki ka rufe. Kafin ya gane mun yi nisa."

Na ce: "Kawu, naman zai lalace fa."

"To ka ce masa daga kanti firij ɗin ya zo da ciwonsa."

Mutumin ya tsaya yana kallonmu, sai ya fashe da dariya har yana riƙe mota. Ya ce da Larabci: "Ya ammi, kakata 'yar Katsina ce. Ba na iya mayarwa, amma babu abin da ya wuce ni. Me ya samu firij ɗin?"

Kawu Ilu ya cire hula ya mayar. Ni kuwa na faɗa masa komai, tun daga kunun Inna har katifa. Ya daina dariya ya ce: "Yarinyar nan shekara huɗu tana hadda. Abin da ta roƙa kawai shi ne fitilu a bakin ruwa. Kana da awa ɗaya da rabi."

Allah Ya taimake ni, a lokacin Yaya Sale ya iso da abokansa biyu a motar aikinsu, shi kuma aikin lantarki yake. Ya kalli katifarsa a yashi, ya kalli allon batir, ya kalle ni.

"Bashari, kai ne mai fitilun kamfani?"

"Yaya, zagin ka bari sai anjima."

Ya fito da wayoyin jona batir, ya haɗa da motarsa ya bar inji yana aiki. Ya ce zuwa magariba zai tara abin da zai riƙe ƙwayaye har dare, don ba su da ci, amma ban da firij. Na ce to a kashe firij ɗin gaba ɗaya, a mai da shi akwatin ƙanƙara. Na fizgi makulli a hannun Kawu Ilu, muka cire motar daga karafan, muka nufi wajen masu kifi. Buhu huɗu na ƙanƙara na saya, riyal biyar-biyar. Muka dawo biyar da minti ashirin, na kwashe kunu, na wanke ciki da sabulu sau biyu saboda warin daddawa, na jera ƙanƙara, nama a ƙasa, kek a sama.

Aka kira magariba muka yi jam'i a kan yashi, Abu Rayyan ya ja mu. Muna sallamewa motoci uku suka iso. Yaya Sale ya cire wayoyinsa ya ce: "Danna." Na danna. Duka igiya huɗun suka kama, haskensu ya kwanta a kan ruwa. Daga cikin mata na ji an rangaɗa guɗa irin tamu ta gida, ashe mahaifiyar Abu Rayyan ce. Da ta ji akwai kunun aya ta aiko a ba ta gora biyu, ta ce a zuba ƙanƙara.

Kafin mu bar su ya kira ni gefe ya ce: "Ni zan gaya wa Abu Fahad fitilu sun kama, nama bai lalace ba, don gaskiya ne. Maganar katifa kuma ba daga bakina ba. Kai za ka faɗa masa."

Muka kwana a ɗakin su Yaya Sale, mu shida. Abincin dare kifi soyayye da jar shinkafa, riyal talatin da biyar, shi ya biya, amma ya fanshe da tsiya. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa: "Zo ka ga injiniya."

Juma'a, komawa

Da safe na koma na kunna firij, rana tana dukan farantin, kafin sha ɗaya lamba ta sauka uku. Bayan Juma'a iyalin suka tattara, muka naɗe fitilu, biyu da rabi muka kamo hanya. 'Yan Yanbu sun taru da nasu saƙon na Madina. Na karɓi abin da zai shiga bayan mota kawai. Wani ya nuna rufi, Kawu Ilu da kansa ya ce: "A'a, can wurin rana ne."

Ba mu tsaya a Badar ba sai shan mai. Tun daga nan nake haɗa maganar da zan yi, in rushe, in sake haɗawa. Shida da kwata muka shiga gareji, Abu Fahad yana zaune a ƙofar ofis da shayi. Ya ce mai haya ya bugo, ya yaba. Ya miƙo hannu zai karɓi makulli. Na ce akwai saura. Na faɗa masa.

Ya ajiye kofin shayinsa. Sannan ya ce: "Katifa?"

Na ce katifa.

"A kan sola?"

Na ce a kai.

Ya ɗauko tsani ya hau da kansa, ya shafa farantin ya ga bai tsage ba, ya sauko. Ya shiga ofis ya fito da fenti da buroshi ya ce in hau in rubuta da yarenmu, da manyan baƙaƙe, cewa ba a ɗora kaya a nan. Ina sama ina rubutu ya ɗago kai ya ce: "Ranar Lahadi ka zo min da fasfo da hoto biyu."

Takwas saura na isa gida Ranuna, hannuna duk fenti, Inna Hajjo ta ajiye min tuwo da miyar kuka. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Sale da abokansa, da Malam Habu, da Abu Rayyan da tsohuwarsa, Allah Ya sa wa yarinyar albarka a karatunta. Kawu Ilu ma na gode masa, ko ba komai tuƙinsa babu gargada. Ku gaida min kowa a majalisa, ku ce musu ina nan Madina wata shekarar.