Baƙon da Ya Tafi da Idanun Kulu

Wata Asabar cikin zafin bazara, shekarar da na shiga aji uku, muna carafke a gindin mangwaron gidanmu a Tudun Fulani, sai ƙanwata Kulu ta zubar da duwatsun hannunta, ta ce hasken rana na sukar idanunta. Duk muka yi mamaki, don Kulu ba ta faɗuwa a carafke. In ta cilla dutse sama, idonta na kansa har ya dawo tafinta.

Duk wanda ya tashi a Minna ya san ƙurajen zafi. Kafin ruwan farko ya sauka, wuyan kowane yaro ya feso. Inna kan yi mana wanka da ruwan randa, ta bulbule mu da hoda, mu fito fari fat kamar an tsamo mu daga buhun fulawa. Mun san makero mai cin kan maza a makaranta, mun san ƙazwa mai hana yatsu sakat. Shi ya sa da ƙuraje suka fito wa Kulu, hoda aka fara shafa mata. Amma nata da zazzaɓi suka zo, da tari, da majina, idanu jajur. Daga bayan kunne suka fara, suka gangaro har ciki.

Kakarmu ta duba ta ce, "Baƙon dauro ne. Ba a kai shi asibiti, allura mayar da shi ciki take yi." Aka shigar da Kulu ɗaki, aka saki labule, aka hana ta wanka. Da idanun suka liƙe, Kaka ta riƙa ɗiga musu ruwan ganye. Ni ke kai mata kunu, in tarar tana laluben duwatsunta a ƙarƙashin tabarma. Baba direba ne, yana kan hanya. Ranar da ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya saɓa ta sai asibiti. Ƙurajen suka warke, amma fari ya riga ya rufe idanun. Ban taɓa iya jin haushin Kaka ba. Abin da ta gada ta yi, kuma har ta rasu ba ta taɓa ambaton sunan Kulu ba sai da hawaye.

Yanzu 'ya'yana duk an yi musu rigakafi, mangwaron ma an sare shi. Kulu na zaune tare da ni. Da yaro ya yi zazzaɓi sai ta jawo shi, ta shafa bayan kunnensa a hankali, ta ce, "Yaya, duba mini idonsa." Nakan duba in ce lafiya lau, sai ta saki ajiyar zuciya. Allurar da aka ji tsoronta, da an yi wa Kulu ita, da ta bar mata ganinta.