Igiyar Yaya Abbakar da Taraktarsa

Duk wanda ya zauna unguwar Mahjar ta Jidda a shekarun nan ya san yayana Abbakar da igiyarsa mai ƙulli biyu. Ko masallaci zai je tana aljihu. Faɗin kunyoyin audugar gonar babanmu ne a Sudan, ya auno ranar da muka taso zuwa Jidda. Kullum maganarsa ɗaya: "Kulu, baɗi war haka muna gida."

Wata rana sai ga shi da jakuna biyu suna janyo mushen tarakta daga wurin 'yan gwangwan. Tsatsa har sitiyari! Tayoyin baya manya, na gaba biyu ƙanana a manne da juna, cikinta can sama. Maƙwabcinmu Usman direba ya leƙo ya ce, "Ya shekh, wa ya ɗaure mata ƙafafun gaba kamar akuyar kasuwa?"

Yaya ya ce, "Jahili! Taraktocin dā masu faɗin gaba tattake shuka suke yi. Wannan, na gaba su bi kwari ɗaya, na baya su bi nasu, auduga ta wuce ta ƙarƙashi ko ganye ba a taɓa ba."

"To ina kunya a Jidda?"

"Ina ruwanka? Ai ba 'yar nan ba ce, ita ma baƙuwa ce."

Shekara tara yana gyara. Maƙo kuwa, sai dai Allah! Ba ya sayen abin da zai iya ƙerawa. Na nemi farantin shayina sama da ƙasa, ashe ya yanke shi ya toshe tanki. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah!" Ya ce, "Halas, shi ke nan, Kulu, farantinki ya riga ki samun kujerar komawa gida."

Wani Balarabe ya zo zai sayi taraktar, wai ta ja masa kaya a tashar jirgin ruwa. Yaya ya ba shi shayi a kofi ba faranti, ya ce, "Manomiya ce, ba ta dako."

A shekara ta shida wani alhaji daga garinmu ya ja ni gefe ya ce kogi ya cinye gonar, ko taki ɗaya bai rage ba. Na yi kuka na share. Na leƙa tsakar gida, ga Yaya a durƙushe yana matsar da tayar baya, yana gwadawa da igiya. Na juya na koma ciki. Shekara uku ina haɗiye maganar nan, kullum ina zaginsa a kan baƙin mai don kada in fashe da kuka.

Ranar da taraktar ta tashi, unguwa ta cika da hayaƙi. Bayan la'asar ya tattara takalman mutane ya jera su layi biyu, wai auduga, ya hau, ya ce, "Yalla!" Ya ratsa tsaf, sai takalmin Usman kaɗai ya niƙe. Usman ya yi ihu. Yaya ko waiwaye: "Ciyawa ce, ba a kan kunya ta fito ba."

Bai cika wata biyu ba ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya tafi. Na ce shi ke nan, ya mutu bai sani ba, ko wannan na yi masa.

Bayan arba'in na buɗe akwatin sifanoninsa. Can ƙasa ga wata takarda duk tabon mai, an naɗe ta da igiyar. Usman ya karanta mini. Daga ƙanin babanmu ce, labarin kogin ne, ta riga alhajin nan zuwa da shekara biyu. Ashe ya sani tuntuni, ni yake yi wa baɗi war haka.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Na yafe farantin. Allah ya ba ka gonar da ruwa ba ya ci.