Yadda Iya Ta Kai Kwikwiyo Gaisuwa

Ƙarfe takwas daidai na dare ne, don a lokacin rediyon Baba ya fara labarai daga zaure. Waɗanda ke ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba, su ne: ita kanta Iya a bakin murhu, ni a damanta, ƙanwata Hanne a hagunta, sai Baffa Sale, ƙanin Baba, tsugune a bakin ƙofa. Ya ce shi ya wuce shekarun tatsuniya, masara kawai ya zo ci. Akwai kuma kwikwiyo a cikin wani tsohon kwando a waje, dab da dokin ƙofa, don Iya ta riga ta kafa doka cewa ba zai tsallako ɗakin da take sallah ba.

Damina ce, a gidanmu na Likoro. An yi ruwa da la'asar, gari ya yi sanyi, Iya tana juya sabuwar masara a kan garwashi. Ban wuce shekara goma ba.

Bari in fara faɗin yadda kwikwiyon ya zo, don ba na son labari a hargitse. An yi ta satar mana awaki a wannan shekarar. Baba bai taɓa ajiye kare ba, ba ya ma son kare, amma satar ta ishe shi. Ran nan yana dawowa daga kasuwar Makarfi ya biya wata ruga ya karɓo ɗan kwikwiyo ja, ƙafarsa ɗaya ta gaba fara fat. Hanne ta ce safa ya sa, sunan ya bi shi. Baba ya ajiye shi a tsakar gida ya gindaya sharaɗi.

"Gadi na kawo shi ya yi. In ya ci kaza, ko ya kama mutumin kirki, ko ya zama ragon da ɓarawo zai shafa kansa ya wuce, masu sayen karnuka suna zagayowa. Zan ba su shi."

Ni da Hanne mun san masu sayen karnuka, mun kuma san tukunya ce ƙarshen tafiyar. Tun daga wannan rana hankalinmu bai kwanta ba.

To, a daren da nake ba da labari, Baffa Sale ya kawo tasa dabarar, wadda da yawa a yankinmu suke bi.

"Iya, aikin ba wuya. A jefa shi cikin tsohon rumbun nan a rufe. Kada ya ga kowa sai mai ba shi abinci. A riƙa barbaɗa masa barkono a tuwo. In ya fito bayan kaka, ko inuwarsa sai ya ciza."

Iya ba ta ɗaga kai daga masarar ba. Ta ce, "Sale, kai ma ai an rufe ka a ɗaki lokacin da ka yi ƙyanda. Da ka fito wa ka ciza? Jaki ya yi kuka ka saki fitsari, ka shige cikin zanena."

Muka fashe da dariya. Baffa ya ce wannan daban, wancan daban. Iya ta miƙa masa masara don ya toshe bakinsa, ta gyara zama, ta ce, "Ga wata nan tafe da ƙafa huɗu."

Muka ce, "Ta ƙaraso mu ga jelarta."

Ga tatsuniyar a taƙaice. A zamanin da dabbobi ke magana, Kare a daji yake zaune, maƙwabcin Kura. Kura ta yi ta ɗauke 'ya'yan Karya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura auta. Karya ta ɗauko shi a baki ta kawo shi ƙofar wani manomi. Kafin ta juya ta yi masa wasiyya: duk wanda ka gaisar kafin haƙoranka na nono su zube, ɗan gida ne har abada. Wanda ba ka gaisar ba, in ka gan shi, ka tambaye shi ko wane ne.

Auta ya shiga gaisuwa. Ya gaida manomi, ya gaida matarsa, ya gaida Akuya, ya gaida Kaza da 'yan tsakinta, ya gaida Jaki. Da ya zo kan Kyanwa sai ya iske ta tana barci a kan katanga. Ya ce sai gobe. Gobe ma tana barci. Haka aka yi ta yi har haƙoransa suka zube.

Wani dare Kura ta biyo sawu. Ta yafa fatar akuya ta tsaya a ƙofar garke, ta maƙale murya ta ce, "Buɗe mini, ni ce Akuya." Auta ya kai hanci. Ya san Akuya, ya san warinta, ya san yadda take taka ƙasa. Wannan ba ita ba ce. Sai ya buɗe baki ya ce, "Wa? Wa? Wa?" Bai daina ba har manomi ya fito da kulki, Kura ta yar da fata ta ranta a na kare.

A nan Iya ta nuna Baffa da wuƙar da take kankare masara. "Ka ji ko? Da bai san Akuya ba, ta ina zai gane wannan ba Akuya ba ce? Haushin kare ba zagi ba ne, tambaya ce. In aka amsa masa ya yi shiru. In ba a amsa ba, ya sake tambaya da haƙori."

Hanne ta ce, "Iya, Kyanwa fa? Ba ta ji haushi ba da ba a gaishe ta ba?"

"Ta ji mana. Ita ta ji haushi, shi ya yi haushi, har yau ba su shirya ba. Tatsuniya ta tafi, ta bar mana totuwa. Kowa ya tashi ya kwanta."

Na kwanta ina ta juya maganar. Ban taɓa sanin kare tambaya yake yi ba.

Da safe Iya ta kira ni da sunan da take tsokanata da shi. "Maigidana, ɗauko baƙonka, za mu kai shi gaisuwa."

Na ce, "Tsohuwa, ke dai ɗauko sandarki, kada ki faɗi a hanya a ce ni na tura ki."

"Miji ba cefane, sai baki," in ji ta.

Gaisuwar tana da tsari, kuma daga babba aka fara. Baba ne na farko. Yana shirin fita gona, fartanya a kafaɗa, ya miƙo ƙafa ɗaya ba tare da ya duba ba, Safa ya sansana takalminsa na roba. Daga nan sai Innarmu a madafi, wadda ta ce a gaishe ta daga nesa da tukwanenta. Sai awaki. Tsohuwar akuyarmu ta buga ƙafa a ƙasa, Safa ya ja da baya, Iya ta ce a bar su su kalli juna. Kaza mai 'yan tsaki ita ta ba shi karatu mafi tsada: ya kai hanci, ta sare shi a kai, bai sake kusantar ɗan tsako ba.

Iya ba ta yarda a haɗa masa abubuwa da yawa a rana ɗaya. In jikinsa ya fara rawa, sai ta ce in ja baya da shi har ya natsu, in ba shi ɗan ƙanzo, sannan mu tsaya nan. Ba a jansa da igiya zuwa ga abin da yake tsoro. Kaskonsa daban, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya wanke hannu. Injin niƙa daga bakin lungu muka fara jinsa, kullum muna matsawa kaɗan, har ya zama yana kwanciya a gindin bangon injin ina jiran gari. Haka muka yi da babur ɗin maƙwabcinmu. Yaran unguwa ɗaya-ɗaya suke zuwa, ba a taro ba. Ya ga mata cikin hijabi, ya ga makiyaya da malafa, ya ga limamin unguwarmu da sandarsa, liman kuwa ya amsa gaisuwar amma ya ce a nisanta shi da buzunsa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne tsawa ba ta dame shi ba ko kaɗan, amma baƙar leda da iska ta kwaso sai da ta sa shi ɓuya a ƙarƙashin rumbu. Na tambayi Iya dalili. Ta ce, "Ga shi nan, tambaye shi."

Baffa Sale kuwa bai daina ba'a ba. "Kun mai da shi ɗan siyasa, kowa nasa ne. Ɓarawo zai zo ya tarar da shi yana kaɗa jela."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, don ita ce ta uku a sharaɗin Baba.

Aka kai babbar sallah. Da sassafe aka ɗaure Safa a bayan gida wajen awaki, kamar yadda ake yi kowace Juma'a, don kada ya taɓa tufafin sallar mutane. Bayan an tafi idi Hanne ta ji tausayinsa ta kwance shi. Ni na riga su Baba dawowa, don haka a gabana aka yi komai.

Baba ya iso ƙofar zaure cikin farar babbar riga mai sitaci, tana ƙara in ya motsa, ga hula, ga turare yana tashi. Baffa da wasu baƙi suna biye. Sai ga Safa ya tare ƙofa, gashin bayansa a tsaye, yana haushin da ban taɓa jin ya yi ba. Baba mutum ne da in ransa ya ɓaci sai ya yi shiru. Bai ce uffan ba, sai ya ɗaga hannun riga don ya kore shi. Rigar ta buɗe kamar tabarma. Safa ya yi tsalle ya cafki gefenta, muka ji kyat.

Baffa ya ce, "Yaya, ka ga aikin gaisuwa. Maigida ma bai tsira ba. Gobe sai a nemo masu saye."

Baba ya gyaɗa kai. Hanne ta fasa kuka.

Iya ta fito da sandarta. Baba ɗan farinta ne, ba ta kiran sunansa. Ta ce, "Kai mai gidan nan, tun da ka iso ka yi sallama?"

Baba ya girgiza kai.

"To tambayarka yake yi. Ya gaida ƙafarka, ya gaida fartanyarka. Wa ya taɓa kai shi ya gaida wannan rigar? Duk ranar da ka sa ta, ɗaure yake a bayan gida. Ga turare ya rufe masa hanci. Ka sauke hannunka, ka yi sallama kamar kowa."

Baba ya dubi baƙinsa, ya dubi mahaifiyarsa. Ya sauke hannu a hankali, ya ce, "Salamu alaikum."

Haushin ya yanke a tsakiya. Kunnuwan Safa suka kwanta, ya manna ciki da ƙasa, ya jawo jiki zuwa ƙafar Baba yana kaɗa jela har da ƙugu. Ɗaya daga cikin baƙin ya ce, "Wa alaikumus salam, an amsa maka, Malam," zauren ya ɗauki dariya.

Baba bai yi dariya ba. Ya ɗago gefen rigar ya daɗe yana duban inda ta yage. Sannan ya juya ga ƙaninsa.

"Sale, ba kai ka ce zai bar kowa ya shige ba? Ni ma bai bar ni ba." Ya wuce ciki, yana cewa, "In an yanka rago a ba shi ƙashi."

Iya ba ta tsaya nan ba. Da la'asar ta sa Baba ya sake sa rigar ya zauna a zaure, fuska a murtuke, ni kuma na kawo Safa ya gaishe ta daga wuya har ƙasa. Bayan haka aka wanke ta aka ɗinke.

Safa ya tsufa a gidanmu. Bai taɓa cin kaza ba. Ba zan ce ba a sake yi mana sata ba, don an sha karya mana masara a gona, inda ba ya kwana. Amma garke ya zauna lafiya.

Yanzu ina Hunkuyi ina sayar da hatsi, da gidana da iyalina, kuma na riƙe karnuka bayan shi. Na taɓa karɓar wani da ya riga ya girma. Na bi duk tsarin Iya, amma har ya mutu bai yarda da babur ba. A nan na gane maganar haƙoran nono ba ado ba ce a tatsuniyar. Na kuma ga karnukan da aka rufe tun suna ƙanana. Na lura da su da kyau: jelarsu a tsakanin ƙafafu take lokacin da suke kai cizo. Abin da Baffa yake kira zafin rai, tsoro ne. Kuma wanda suka fi kamawa ɗan maƙwabta ne da aka aiko karɓar wuta, ba ɓarawo ba.

Abu ɗaya ne har yau ban warware ba. A sanina Iya ba ta taɓa ajiye kare ba kafin Safa. Daga ina ta san wannan? Ko a wajen tata kakar ta ji, ko kuwa a daren ta ƙirƙiri tatsuniyar don ta ceci kwikwiyon daga rumbu? Ban tambaye ta ba tana da rai, Allah Ya jiƙanta.

Mai karatu, ga roƙona gare ka. In larurar gadi ta sa ka kawo kwikwiyo gida, kada ka rufe shi, kada ka ba shi barkono. Ka kai shi gaisuwa tun haƙoransa na nono ba su zube ba, daga babba zuwa ƙarami, daga mutane zuwa dabbobi, daga dabbobi zuwa injina, kaɗan-kaɗan. Sannan kada ka jira ranar idi. Ka ɗauko babbar rigarka daga akwati a cikin makon nan, ka sa ta, ka shafa turarenka, ka tsaya a ƙofar gidanka ka yi masa sallama.