Kwalekwalen Papa Tutai

Tereapii maƙwabcina ne a tsibirin Aitutaki, kuma tun yana yaro burinsa ɗaya ne a duniya: kada ya yi kama da ubansa. Uban, Papa Tutai, masunci ne mai karkatacciyar kafaɗa. Tun da ya faɗo daga bishiyar kwakwa, ba ya iya tuƙa kwalekwale sai ta hannun dama. Tereapii ya tsere birnin Auckland, ya koyi ƙera jiragen ruwa da zaren gilashi da ƙaro, bai waiwayo gida ba sai da aka binne tsohon.

Ya tarar gara ta fara cin kwalekwalen uban, sai ga tausayi ya tashi. Wai zai lulluɓe shi da zaren gilashi ya fitar da mazubi, ya zuba sabo wanda ba ya ruɓewa. Uwarsa, Mama Ngatokorua, ta yarda, amma da sharaɗi.

"Kwafe shi," ta ce, "amma ka dawo mini da shi yadda ka ɗauka. Shi kaɗai ya rage mini."

Tereapii ya shafa wa kwalekwalen kaki don kada ƙaron ya manne. Na leƙo ta shinge na ce ya ƙara, tsohon katako ƙishirwa gare shi. Ya ce haka ake yi a Auckland. To, ni da ban taɓa zuwa Auckland ba, na ja bakina.

Katako ya shanye kakin tas. Ƙaro ya bushe, ya riƙe kwalekwale gam. An buga, an zuba ruwan zafi, samarin coci sun ja har suka gaji. Ƙarshe dai da kurfi ya sassaƙe kwalekwalen ubansa daga cikin mazubin, guntu-guntu. Abin da gara za ta yi shekaru tana yi, gwanin Auckland ya gama shi kafin Lahadi. Mama ta kwashe guntayen a kwando, ta daina yi masa magana. Wallahi ya ba ni tausayi, ko da yake na gaya masa.

Sabon ya fito sumul, sai sheƙi. Da aka sa shi a ruwa kuwa, sai ya riƙa karkata dama. Ashe Papa Tutai da gangan ya sassaƙa nasa a karkace don ya daidaita da kafaɗarsa, mazubi kuma bai san gyara ba. In dai kana son tafiya sak, sai ka tuƙa ta dama kaɗai.

Haka Tereapii yake fita kamun kifi shekara da shekaru, don girman kai bai bar shi ya ƙera wani ba. Har kafaɗarsa ɗaya ta yi ƙasa, kamar ta ubansa.

Rannan da yamma muna zaune bakin ruwa da Mama, idonta ya riga ya yi rauni, sai ga Tereapii ya doso gaɓa. Ta miƙe tana gyara furen da ta maƙala a kunne.

"Tutai," ta kira, "yau ma ka makara."

Ya tsaya da filafilin tuƙi a hannu. Sai ya ce, "Na dawo."